Kwanciyar Baba Lere a Garejin Kolapo

Baba Raimi Olalere, wanda duk muke kira Baba Lere, bai nemi shiga ƙungiyarmu ba. Ni na jawo shi, kuma a gidan mai na tsince shi.

Wata Asabar ce a Mokola, ina kan layi da 'yar Bosuwajata, irin wadda ake kira kunkuru, sai ga wata Fijo 404 ruwan toka ta shigo a hankali, mai ita yana zaune tsaf da hula a karkace. Na bar motata a buɗe na zagaya tasa, na leƙa ciki, na shafa bamba. Komai nata ne na asali, har rediyon. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Baba, ta sayarwa ce?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, ka karya kumallo yau kuwa? Yunwa ce kaɗai ke sa mutum irin wannan tambaya."

Na ba shi haƙuri, na gaya masa sunana Rasaki, ina da shagon ɗab'i nan bayan kasuwa, kuma muna da ƙungiya ta masu tsofaffin motoci a Ibadan. Muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata, sauran kwanaki kuma muna zaure a waya, ana hira, ana tambayar inda za a samu kaza da kaza. Ya ce waya dai 'yarsa ta saya masa, amma shi kira kawai ya iya ɗagawa. Nan a layin na karɓi wayar na saka shi a zauren.

Ranar taronsa na farko ya zo cikin babbar riga mai aiki, da kiret ɗin lemo a but da goro a faranti. Mu kuwa duk muna cikin riguna masu baƙin mai. Ya tsaya a bakin rumfa ya tambaya wane ne babba a nan, don a fara gaisuwa daga inda ya dace. Aka yi ta kallon juna. Shekarunmu da yawa tare, ba wanda ya taɓa lissafa wannan. Da aka bincika sai ga shi shi ne babban, ya haura saba'in, ya girme mu duka. Ya ce to ba komai, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya ya gaisa, har da tambayar 'ya'yan da bai san ko muna da su ba.

A hankali muka san shi. Aikin auna koko ya yi a wani sito a Dugbe har ya yi ritaya. Motar ta maigidansa ce, da mutumin ya rasu iyalinsa suka sallama masa. A cikinta 'ya'yan Baba suka je makaranta, a cikinta aka kai matarsa, Mama Sikira, asibiti zuwanta na ƙarshe. A gidansu na gado kuma shi ake kira idan 'yan'uwa sun yi rigima kan katanga ko rijiya. Yakan je ya zauna, ya bar kowa ya yi ihunsa ya gaji, sannan ya cire hula ya riƙe a hannu ya ce a duba furfurarsa. Mutane kan ji kunya su bari. Da wannan ya rayu, kuma bai taɓa ba shi kunya ba.

Shi ya sa da zaurenmu ya fara ɗaukar zafi, aka ce a ba Baba Lere shugabancinsa. Shi kaɗai ne bai taɓa faɗa da kowa ba. Ni na goyi baya, har da tafi.

Masu tsofaffin motoci mutane ne masu taurin kai, in ba haka ba da tuni mun sayi na zamani mun huta. A fili muna da ladabi. Yaro ya ga babba zai rusuna, ya karɓi abin da ke hannunsa. Amma a waya ba a ganin furfura. Mutumin da zai kwanta maka a ƙasa ranar Asabar shi ne zai rubuto maka ranar Talata cewa ba ka san bambancin kafireta da tukunyar miya ba. Ana faɗa kan fenti, ana faɗa kan man juye, an taɓa yin mako guda ana zage-zage kan ko murfin taya na wata shekara yana da zane a tsakiya.

Baba Lere bai iya rubutu da sauri ba, yatsansa ya fi maɓallan girma. Sai ya koma saƙon murya. Matsalar ita ce ba ya iya shiga magana ba gaisuwa. Zai fara da sannunku da zama, sannu da ruwan jiya, sannu da tsadar mai, sannu da shigowar wata, ya ambaci manya da sunayensu da sarautunsu. Kafin ya iso kan batun, waɗanda yake son rabawa sun wuce maganar fenti sun kai kan iyayen juna. Na sha gaya masa, "Baba, ku rage gaisuwar nan, ba mai saurare har ƙarshe."

Ya ce, "To in faɗa wa mutane ɗaki haka nan kamar ɓarawo?"

Da ya ga muryar ba ta aiki sai ya koma abin da ya sani. Duk sa'ad da biyu suka kaure, zai tayar da Fijo ya je gidan wannan, ya je shagon wancan, ya zauna, a kawo masa ruwa, ya cire hula. Kuma wallahi yana ci. Washegari za ka ga mutumin ya rubuto, "Egbon, yayana, ku yi haƙuri, zafin rana ne." Muka saba. Muka riƙa faɗa hankali kwance, tunda akwai mai sharewa a bayanmu.

Abin da Baba yake karewa ba ɓoyayye ba ne, duk mun sani. Sau ɗaya a shekara, bayan ruwa ya ɗauke, mukan fita ayari. Tsohuwar mota ba ta doguwar tafiya ita kaɗai, dole wata ta tafasa, wata fanbel ya tsinke. Saboda haka tafiyar tana da tsari. Cif Akinbode na Bodija, tsohon ɗan kwangila, shi ke gaba da farar Marsandinsa, kuma shi ke da ɗaki guda cike da kayan gyara na asali da ya tara tun zamanin da ake samunsu. Kolapo, matashin bakanike mai gareji a unguwar Gate, shi ke can baya da akwatin sufana da igiya, yana tsintar duk wanda ya mutu a hanya. Kayan na Cif, hannun na Kolapo. In ba su biyun, rabinmu ba za su wuce Ojoo ba.

Tun shekarar da Baba ya shigo, Iseyin ayarin yake zuwa, garinsu. A can ya gina ɗan gida da niyyar su koma da Mama Sikira, ita ta riga shi komawa, kabarinta na gaban gidan. In mun isa, mu mukan wuce wajen mai amala, shi kuwa ya kai motar bakin ƙofa ya danna hon sau biyu, yadda ya saba yi mata a Ibadan ta zo ta buɗe get. Sai ya kashe mota, ya fito ya yi mata addu'a. 'Yarsa ta sha cewa ta aiko da direba da mota mai sanyi a kai shi duk ranar da yake so. Yakan ce, "Uwarki ba ta san kukan waccan ba." Limamin unguwarsu ma ya yi masa magana kan hon ɗin, ya ce ya ji, ya kuma ci gaba.

Bara, ana sauran 'yan makonni tafiya, Kolapo ya cire injin Fijo 504 ɗinsa ya dasa mata na Toyota. Ya ɗauki bidiyo yana taka totur, ya tura zaure da alfahari.

Cif ya rubuto, "Wannan ba tsohuwar mota ba ce kuma. Tasi ce. A kai ta tasha ta ɗauki fasinja, kada ta bi ayarina."

Da Kolapo ya yi shiru da an wuce wajen. Amma sai ya lalubo hoton bara waccan, inda yake jan Marsandin Cif da igiya a kan tudu, Cif na ciki riƙe da sitiyari fuska a murtuke. Ya rubuta a ƙasa, "Ga asali nan, yana bin tasi a baya. Bode, in ka manta igiyar tana nan."

Bode, gutsuren sunan Akinbode. Ba Cif, ba Baba, ba komai. Mutumin da a shekaru ya isa ya haife shi. Ina cin abinci na ga saƙon, na ajiye cokali.

Zauren ya dare biyu nan take. Dattawan ƙungiya, irin su Dokta, suka ce ko a kori yaron nan ko su fita. Matasa suka ce Cif ya daɗe yana taka mutane don yana da ɗakin kaya. Na kira Baba na ce, "Akwai inda za ku danna, bakin kowa ya rufe sai naku. Ku rufe na kwana biyu kawai, zuciya ta sauka."

"In rufe wa Cif baki? In rufe wa Dokta baki? Ni wa?"

"To ku cire Kolapo na ɗan lokaci."

"Ka taɓa ganin an kori yaro daga gida don ya yi rashin kunya? Sai a bar shi ga wa? Zo ka raka ni, Rasaki."

Muka fara da Bodija. Cif ya karɓe mu a falo, aka kawo lemo mai sanyi, ya yi ta huci yana kai da komo. Baba ya bar shi ya gaji, sannan ya cire hula. Cif ya zauna ya ce, "Egbon, don ku ne. Ya zo nan, gaban wannan kujerar, ya kwanta ƙirjinsa ya taɓa ƙasa. In ya yi haka na yafe, ya biyo mu da tasinsa ma in ya ga dama."

Daga nan muka gangara Gate. Rana ta take, garejin cike da mutane. Madam Abeke na nan, 'yar ƙungiyarmu mai sayar da yadi, ta kawo motarta kunkuru a duba mata kuloci. Mace ce mai kirki da son jama'a, sai dai ko ƙosai ta saya sai ta ɗauke shi hoto. Kolapo ya ga Baba ya rusuna, ya goge benci, amma da aka zo maganar sai ya kafe.

"Baba, ku gafarce ni. Sau nawa na kwana ƙarƙashin Marsandin nan? Ko sannu bai taɓa ce mini ba. Ni ma ina da 'ya'ya. Ba zan je in share masa falo da ƙirjina ba."

"Ɗana, sunansa ka kira tsirara."

"Shi ma sana'ata ya kira tasi."

Baba ya cire hula. Kolapo ya kau da kai. Baba ya ce a duba furfurarsa. Kolapo ya zura hannu a aljihu yana kallon rufi. Ban taɓa ganin hular ta faɗi a banza ba sai ranar, kuma ina jin shi ma Baba bai taɓa gani ba. Ya miƙo mini hular. Kafin in gane me zai yi, ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya miƙe rub da ciki a kan ƙasar garejin, cikin baƙin mai, gemunsa a ƙasa, a gaban yaron da bai kai ɗansa na biyu ba.

Kolapo ya yi wata ƙara kamar an zuba masa ruwan zafi, ya zube shi ma, ya kwanta ƙasa da Baba, yana riƙe ƙafafunsa. "Baba ku tashi! Don Allah ku tashi, za ku kashe ni! Zan je, wallahi zan je, ranar Asabar da safe ina gidansa, ku tashi!" Yana kuka da hawaye sosai. Mu uku muka ɗaga tsohon. Kolapo da kansa ya kawo ruwa da sabulu ya wanke masa hannu.

A mota Baba yana ta murmushi, gaban rigarsa baƙi ƙirin. Ya ce, "Ka gani? Yaron kirki ne. Zafin kai ne kawai." Ni ma zuciyata fari tas. Na ce a raina an gama.

Ba mu kai shataletalen Mokola ba wayata ta fara rawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Na ciro. Madam Abeke ta tura hoto. Da zuciya ɗaya ta tura, ta rubuta, "Ku ga abin da Babanmu ya yi saboda zaman lafiya, Allah ya ja kwana." Sai dai hoton na farkon abin ne. Baba a kwance cikin baƙin mai, Kolapo a tsaye a kansa, hannu a aljihu, yana kallon sama. Kwanciyar Kolapo, da kukansa, da ruwan da ya kawo, ba ko ɗaya a ciki, don a lokacin ita ma ta jefar da wayar ta ɗora hannu a ka.

Na ce, "Baba, ku tsaya gefe."

Abin da aka rubuta wa Kolapo a yinin nan ba zan maimaita ba. An tsine masa, an tsine wa wanda ya koya masa aiki, an ce ba zai ga furfura a kansa ba. Cif ya rubuto cewa ko yaron ya zo da rarrafe kada maigadi ya buɗe masa. Na rubuta cewa ina wurin, ba haka aka yi ba. Madam Abeke ta rubuta, ta goge hoton, ta yi ta rantsuwa. A banza. Maganarmu ta nutse, hoton kuma ya riga ya fita. Kafin magariba yana zauren masu sayar da kayan gyara, yana zauren cocin matar Kolapo. Washegari ya isa Ogbomoso inda uwar Kolapo take, ta kira shi tana kuka tana tambaya wane tsoho ne ya sa ya kwanta masa, me ta yi masa da zai jawo mata wannan.

Baba ya yi saƙon murya. Na roƙe shi ya fara da maganar kai tsaye, ya ce to. Ya danna, ya buɗe baki, sai na ji, "Sannunku da zama, sannu da haƙurin juna, Cif Akinbode ina gaisuwa..." Ba zai iya ba. A can ciki ya faɗi komai dalla-dalla, cewa shi ya kwanta don kansa, ba wanda ya sa shi, kuma yaron ya fi shi kwanciya. Na tabbata in ka cire ni ba wanda ya saurara har wurin.

Muka koma Gate. Kolapo ya fito, idonsa jawur, ya rusuna kamar kullum, amma bai goge benci ba.

"Baba, da ita kuka zo?"

"Da wa?"

"Madam. Kun shirya ne ta ɗauki hoton?"

Baba ya kai hannu kan hula, sai ya tsaya, ya sauke hannun. Me ya rage ya cire? Ya riga ya ba da na ƙarshen, kuma ga inda ya kai su. Ya ce a hankali, "Ɗana, ni ban san ana haka ba." Kolapo ya ce ya ji, yana da aiki, ya koma ƙarƙashin mota.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan haka. Wani mara tarbiyya, har yau ban san ko wane ne ba, ya yanke hoton Baba shi kaɗai a kwance ya mai da shi sitika, irin ɗan hoton da ake jefawa a hirar waya. In mutum ya zagi wani sai ya bi da shi, wai ga ban haƙuri. Na ga abin a zauren da ba ruwansa da motoci, mutanen da ba su san sunansa ba suna dariya. 'Yarsa ta kira ni daga Legas ta wanke ni tas, ta ce mu muka mai da ubanta abin wasa. Ban yi musu ba. Shi kuwa da na je gidansa na same shi yana goge fitilar mota, ya ce, "An ce ina yawo a waya." Na ce e. Ya ce, "Rigar ce kawai ban so ba, Sikira ce ta ɗinka mini."

Sai aka fara fita. Za ka buɗe zaure ka ga wane ya fita, wane ya fita. Cif ya buɗe nasa na masu injin asali. Matasa suka buɗe nasu. Kowane ɓangare ya saka Baba, don kowa na son a ce tsohon yana wajensa. Ya kawo mini wayar ya ce in fitar da shi daga duka biyun. "In na zauna ɗakin ɗaya, na ce ɗayan ba ɗana ba ne." Ya ci gaba da zuwa gidaje. Ana karɓarsa da mutunci, a ba shi ruwa, a raka shi har mota, a ce za a duba. Da ya juya sai a ɗauki waya a ci gaba daga inda aka tsaya. Madam Abeke ce ta ƙarshen fita, don kunya. Kowace safiya Baba yana tura gaisuwa a tsohon zauren, ni ina amsawa.

Da lokacin tafiya ya matso ya sanar da rana da wuri, gidan man Mokola, bayan sallar asuba, kamar kowace shekara. Ni na san mutanen Cif sun yi tasu fitar tun makon da ya wuce, na san su Kolapo Abeokuta za su nufa a ranar. Na gaya masa. Ya ce, "Na ji. Amma mutum yakan canza shawara da safe."

Na same shi a can ya riga ni, motar na ƙyalli, kiret ɗin lemo a but, goro a faranti. Muka tsaya. Duk motar da ta karyo kwana sai ya ɗaga kai. Masu sayar da mai suka zo suka ce mun tare hanya, muka matsa. Rana ta ɗaga har inuwar rumfa ta bar mu. Na ce, "Baba, mu bari sai wani makon. Ko ku shiga tawa." Ina faɗa ina jin kunya, don tawa ma sai da turi ta tashi da safen, kuma ni in ka buɗe mini bonet ka ce ina fulogi sai na yi addu'a kafin in nuna.

Ya ce, "Na gaya wa Sikira yau zan zo."

Ya shiga gaba, na bi shi. Muka wuce Ojoo, muka wuce Moniya, Fijo na tafiya sumul har na fara sakin jiki. Bayan Ijaye akwai wani dogon tudu. A tsakiyarsa na ga motar ta yi tari, ta yi tari, hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin bonet. Ya samu ya gangara da ita gefe. Ya murza makulli, ta yi ƙara ta yi shiru. Ya sake, ko ƙarar babu.

Muka buɗe bonet muka tsaya muna kallo, ni da shi, kamar masu gaisuwar mara lafiya. Na zuba ruwa a lagireto don shi kaɗai na sani, ya zubo ta ƙasa. Daji ne hagu da dama. Manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Wasu samari a kan babur suka rage gudu, na bayan ya ɗaga waya yana ɗaukarmu, na daka masa tsawa suka ƙara mai suna dariya. Igiya ma ba mu da ita, tana wajen Kolapo, kuma ko da ita kunkuruna ba zai ja Fijo a tudu ba.

Na ciro waya na ce, "Bari in kira Kolapo. Ko yana ina zai juyo, na san shi."

"Kada ka kira."

"To Cif, ya aiko da kaya."

"In ka kira ɗaya, gobe ɗayan zai ji. Za a ce da ta yi tsanani ga wanda na zaɓa." Ya share gumi da hular. "Miƙo mini tawa."

Na ɗauko masa daga kan kujera. Ya sa tabarau, ya lalubo tsohon zauren, ya danna ya kai wayar bakinsa. Ya gyara tsayuwa kamar suna gabansa.

"Sannunku da zama. Sannu da rana, sannu da hanya ga waɗanda ke hanya. Cif Akinbode, ina gaisuwa. Dokta, ina gaisuwa. Madam Abeke, kada ki sa komai a ranki. Kolapo ɗana, sannu da aiki. Ni ne Olalere. Motata ta tsaya a tudun bayan Ijaye, ruwa na zuba ta ƙasa. Duk wanda ke kusa, don Allah."

Ya saki. Saƙon ya tafi. Wayata ta yi ƙara a hannuna.

Muka dubi wayar tare. Raina ya ɓaci, ban san da wa nake fushi ba, da su, ko da shi, ko da abin da ke hannuna. Na ce, "Baba, ba kowa a zauren nan. Daga ni sai ku."

"Na sani, Rasaki."

"To don me?"

"A ina kake so in faɗa?"

Ya zagaya ya buɗe ƙofa ya zauna a mazaunin direba, ƙafa ɗaya a waje, ya ɗora wayar a cinya fuskarta sama. Iseyin na can gaba, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ga mai lafiyayyar mota. Ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ya sa tafin hannu a tsakiyar sitiyari ya danna sau biyu. Batir bai mutu ba, hon ɗin ya fita tsaf, ya shiga daji.

Ya ce, "Ba za ta ji daga nan ba, ko?"

Na ce, "Da ɗan nisa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wayar ya duba ko wani ya amsa.